"Allah ɗaya, gari bamban": ta isa ta raba gardamar ɗarikoki?

Ɗan Narayi: Salama gare ku jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Allah ɗaya, gari bamban." Ƙanwata 'yar ikilisiyar ECWA ce, za ta auri ɗan Katolika. Da dangi suka zauna kan yadda za a yi da baftismar 'ya'yan da za a haifa, murya ta fara tashi, sai kawunmu ya ce a bar zancen, ai Allah ɗaya gari bamban. Kowa ya yi tsit. Shin wurin faɗinta ke nan, ko toshe mana baki aka yi da ita?

Baba Kakuri: Ɗana, yadda muka taso muka ji, maganar matafiya ce. Ka sauka garin da ba naka ba, ka tarar gaisuwarsu daban, miyarsu daban, yadda suke biki daban, sai ka faɗe ta, ka ci abin da aka ba ka, ka kama bakinka. Kan al'ada ake faɗinta. Kawunka janyo ta ya yi ya shigo da ita majami'a.

Uwar Zumunta: Baba, da izininka, ni a ganina ta zauna daram. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa Ubangiji ɗaya ne, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Ku zo taron mata na haɗin gwiwa ku gani. Ga 'yan Baftis da ankonsu, ga na Angilikan, ga na HEKAN, kowace ƙungiya da launin zanenta, amma da an buga tulu an ɗauko waƙa ba mai tambayar ɗarikar wani. HEKAN ɗin ma, mai hedikwata a nan Kaduna, ai don masu bi da aiki ya kawo su birni daga ikilisiyoyi daban-daban aka kafa ta, su samu inda za su yi sujada tare.

Malamin Sabon Tasha: Mama ta faɗi gaskiya, amma bari in ɗan tsawaita. Rabin farko na karin maganar shi ne mai nauyi, kuma ba da sauƙi ikilisiya ta tsaya a kansa ba. A shekara ta 325 shugabanninta suka taru a Nikiya, ƙasar Turkiyya ta yau, saboda wani malami daga Iskandariya mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan koyarwa, ya ce Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne. A 381 wani taron ya ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Shaidar bangaskiyar da ta fito daga waɗannan taruka, Katolika suna karanta ta, Angilikan suna karanta ta, 'yan Otodoks ma haka, ECWA da Baftis kuma abin da ke cikinta suke koyarwa ko da ba su karanta ta kowace Lahadi ba. Rabuwar 1054 tsakanin Roma da ikilisiyoyin gabas, da gyaran da Martin Luther ya taso da shi a 1517, duk ba su rushe wannan ba.

Rabi na biyu kuwa, a ƙasarmu gaskiya ce tsirara. Yawancinmu ba zama muka yi muka auna koyarwa muka zaɓi ɗarika ba. Wanda kakansa ɗan Kwoi ne ko Kagoro, ƙungiyar mishan ta SIM ce ta fara isa gare su, daga cikinta ECWA ta fito a 1954. Wanda asalinsa Wusasa, CMS ya tarar, ƙungiyar mishan ta Angilikan, wadda a cikinta Likita Walter Miller ya yi aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wani ƙauyen kuma fada ne, wato limamin Katolika, ya riga kowa kafa makaranta. Ka tambayi mutum ɗarikarsa, sau da yawa garin kakansa yake gaya maka.

Katikis Barnawa: Malam, na yarda da tarihin, ban yarda a tsaya nan ba. Durƙuso, turare, kiɗa, tsawon wa'azi, waɗannan a ce gari bamban, ba komai. Amma jibin Ubangiji fa? Mu mun gaskata gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske. Ɗan ECWA yana ɗaukarsu abin tunawa. Shi ya sa ba ma ba wanda ba ɗan Katolika ba jibi, ba don raini ba. Littafinmu yana da littattafai 73, naku 66. Kuma ɗan'uwa na Narayi, a irin wannan aure sai an nemi izinin bishof, shi ɗan Katolikan kuma zai yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'yan baftisma a rene su cikin Katolika. Gara ƙanwarka ta ji wannan tun yanzu. Karin magana ba za ta amsa wa fada tambayarsa ba.

Maƙwabci daga Tudun Wada: Sallama. Ni Musulmi ne, amma karin magana ta kowa ce. Mu ma mukan jiyo ta idan ana musun sakin hannu da kama hannu a salla. Abin da nake jan hankali a kai, kada a yi amfani da ita a ce Musulmi da Kirista abu ɗaya suke nufi. Mu a wurinmu Annabi Isa manzo ne, Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Faɗin bambancin a fili cikin mutunci ya fi a lulluɓe shi.

Malamin Sabon Tasha: Madalla Malam, haka ne. Abu ɗaya kawai zan ƙara, don ana yawan yi mana wannan fahimta: Kirista ba ya cewa alloli uku. Da aka tambayi Yesu wace doka ce ta fi girma, a Markus 12:29, da kaɗaitar Allah ya fara, yana maimaita abin da ke cikin Attaura. Muna cewa Allah ɗaya ne, ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A nan muka rabu da ku, kuma ba ƙaramar rabuwa ba ce.

Uwar Zumunta: To Katikis, idan yarinyar nan wata rana ta so komawa majami'ar mijinta, sake yi mata baftisma za ku yi?

Katikis Barnawa: A'a Mama. Muddin da ruwa aka yi mata, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ma sakewa. Koyarwa za ta shiga, sannan a karɓe ta.

'Yar Romi: Mu a Baftis kuwa, in mijin ne ya zo wurinmu, sai an nutsar da shi cikin ruwa, tunda yana jariri aka yi masa waccan, bai furta bangaskiya da bakinsa ba. Kuma kada a ce sakewa muke yi, don ta farkon ba mu ƙirga ta ba.

Katikis Barnawa: 'Yar'uwa, buɗe Ayyukan Manzanni sura 16, inda aka yi wa mai tsaron kurkukun Filibi baftisma shi da dukan mutanen gidansa. Gidan nan babu yara a ciki?

'Yar Romi: Karanta har aya ta 34, Katikis. An ce shi da gidansa duka sun yi murna don ya gaskata, kuma sai da aka yi wa dukansu wa'azi tukuna. Jariri yana jin wa'azi?

Baba Kakuri: Ku buɗe wa baftismar jarirai zaure nata daban, 'ya'yana. Ni ma ina da abin faɗi a kai, amma ba a daren nan ba.