Ginin Auwalu ya kai linta

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhamdu lillahi gini ya kai linta, ga hotunan da magini ya turo jiya. Yana cewa in aika kuɗin siminti buhu 40 da rodi, ranar Asabar za su zuba. Ni kuma babu hutu sai ƙarshen wata mai kamawa. Don Allah waɗanda suka taɓa gini suna nesa, yaya kuka riƙa bibiyar aikin? Daga Fatakwal hoto kawai nake gani.

Anti Binta: Ma sha Allah! Allah Ya sa a shiga da rai da lafiya.

Baba Ƙarami: Amin. Allah Ya sa gidan zumunci ne.

Auta: Buhu 40? Linta za a zuba ko gadar Ƙofar Nasarawa?

Yaya Habibu: Auwalu, da na ga hotunan nan sai da gabana ya faɗi. Ba wai na ga aibu ba, a'a, duk guda biyar ɗin daga bakin ƙofa aka ɗauke su. Haka nawa maginin ya yi mini a 2019 ina Legas. Kullum fuskar gida, kullum an ƙara sahu biyu ko uku, ni kuma ina ta tura kuɗi ina nuna wa abokan aiki. In na ce a yi kiran bidiyo sai ya ce layi ba kyau a unguwar. Da na zo babbar Sallah na zagaya baya, ɗakuna biyu da kicin suna nan iya taga, ciyawa ta fito a cikinsu har gwiwa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Ni da wayona na sayi siminti buhu 100 lokaci guda don kada kuɗi ya tashi, aka jibge shi a shagon gaba, a ƙasa, ba katako ba leda, damina ta wuce a kansa. Da aka tashi aiki fiye da buhu 20 sun zama dutse. Filoli kuma na biya kuɗin rodi mai kaurin milimita 12, sai ranar da mai famfo ya sassaƙi gefen ɗaya zai wuce da bututu muka ga mai 10 ne a ciki. Fila huɗu muka fasa. Kuma wallahi har yau ban ce mutumin nan ɓarawo ba ne. Gini uku yake riƙe da su, kuɗina ya toshe ramin wani, na wani ya toshe nawa, har igiyar ta tsinke a kaina. Laifina ne da na damƙa wa mutum ɗaya sayayya da aiki da kuma ba da labari. Wa zai kai ƙarar wa?

Don haka raba su. Mai sayen kaya daban, mai gini daban. Magini ku yi jinga mataki-mataki, daga linta zuwa kai kaza, in an gama an gani a biya. Buhunan da aka juye kada a yar, a tara a ƙirga da yamma. Bidiyo kuma mai ɗauka ya fara daga titi, ya shiga kowane ɗaki, ya fita ta baya ba tare da ya yanke ba.

Maman Khalifa: Yaya Allah Ya saka. Na faɗa wa Abban Khalifa maganar bayan nan tun watan jiya, ya ce mata ba su san gini ba.

Auwalu: Ban ce haka ba fa.

Maman Khalifa: Saƙon yana nan, in turo?

Injiniya Nura: Kafin a yanke wa magini hukunci, buhu 40 ba lallai cuta ba ce. In lintar zagaye ce za ta bi duk bango, a kan bulo mai inci 9, kusan duk mita 3 tana cin buhu ɗaya in an yi haɗin 1:2:4, wato siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. To bango mai tsawon mita 100 ya ci buhu talatin da wani abu, ga kuma filoli. A sa tef a auna bangon, lissafi zai fito da kansa. In kuwa saman ƙofa da taga kawai zai zuba, ko rabin wannan bai ci ba. Tambaye shi wacce zai yi.

Haɗin kuma a ƙirga da kwanon lebura: buhu ɗaya kwano 2 ne, sai yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Abin da ya fi hoto muhimmanci shi ne wani ya tsaya ranar Juma'a, bayan an ɗaure rodi an buga katako, kafin a zuba. In kankare ya rufe, babu mai sake ganin abin da ke ciki.

Yaya Habibu: Sai mai famfo.

Auta: Ni zan tsaya. Kuɗin data da na mai da abincin rana kawai za a riƙa ba ni.

Anti Binta: Kai da aka aika cefane ka dawo da canji rabi? Auwalu kada ka soma.

Auta: Anti wannan maganar shekararta nawa don Allah

Kawu Sani: Rodi a je Ƙofar Ruwa da kai, ko ka tura wanda ya san shi, a gwada kaurinsa a gabansa a ƙirga, a karɓi rasit. Katako in an zo rufi Na'ibawa. Ina da mutum a can, zan ba ka lambarsa ta gefe.

Baba Ƙarami: Ni tambayata ɗaya, takardar izinin gini ta fito? Kada mu wayi gari 'yan KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, sun shafa jan fenti a katanga. Sannan ɓangaren yamma na ga kamar an matse maƙwabci. A bar wa ruwan indararo hanya, kada ya zuba a gidan mutane. Rigimar maƙwabtaka 'ya'ya ke gadonta.

Auwalu: Ta fito Baba, tun kafin a haƙa tushe. Maganar yamma kuma zan sa a duba.

Kawu Sani: Wane siminti yake sa maka?

Auwalu: BUA, wani lokacin Dangote.

Kawu Sani: Ni dai tun zamanin Ashaka ban sauya ra'ayi ba.

Injiniya Nura: Kawu duk cikinsu buhun kilo 50 ne, kuma kowanne zai riƙe gida. Inda ake kashe gini wajen haɗi ne da ban ruwa. Yanzu ga hunturu ya shigo, iska tana tsotse ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi. A ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Ƙarfinsa da ake lissafi da shi sai ya kwana 28. Leburan da ke ban ruwa shi ne mafi arha a wurin, kuma shi ake fara sallama.

Kawu Sani: Ku 'yan boko komai kwana 28. Gidan Malam da tubali da azara aka yi shi, ga shi nan har yau, kuma da rani ya fi naku sanyi.

Anti Binta: Kawu kai ma ai da bulo ka yi naka.

Kawu Sani: Matan gida ne suka matsa.

Anti Binta: Tunda an zo kan mata. Auwalu wannan kicin ɗin da na gani a hoto na uku, mutum biyu ba za su juya a ciki ba. Ina sito? Ina za a ajiye buhun shinkafa da jarkar mai? Ku maza falo kuke faɗaɗawa kamar za a yi taron siyasa, alhali wuni ake a kicin da tsakar gida. A bar wajen shanya da inda za a ɗora tukunyar suna ko biki. Yanzu ne ake gyarawa, bulo sahu nawa ne za a sauke. In an yi rufi kuma sai dai haƙuri.

Maman Khalifa: Anti tambaye shi ɗakin nan na can ƙarshe mai banɗaki da ƙofarsa daban, na waye?

Auwalu: Na baƙi ne.

Auta: Baƙuwa dai 😂

Yaya Habibu: Auta za ka ja a hana ka aikin tun ba a ba ka ba.

Baba Ƙarami: Ku bar wannan. Ɗakin Hajiya ne in ta zo, ni na ce a yi masa ƙofa ta tsakar gida saboda ƙafarta.

Maman Khalifa: To Baba, in na Hajiya ne har da labule zan sa.

Kawu Sani: Ni shawarata in kuɗi ya samu a saye siminti a ajiye. Kun manta farkon 2024 buhu ya haura dubu 10? Tifar yashi ma tun cire tallafin mai a 2023 ba ta dawo ba.

Yaya Habibu: Kawu ba ka karanta nawa ba ke nan. In ajiya ce a ajiye rodi da tsakuwa, ko a buga bulo. Siminti na sati biyu kawai.

Injiniya Nura: Katakon rufi kuma a shafe shi da maganin gara kafin ya hau, ba bayan an buga kwano ba.

Auwalu: To duk na ji, na gode. Amma har yanzu ba a ce mini wa zai je ranar Juma'a ba.

Injiniya Nura: Ina Dutse har Lahadi. A ɗaga zubin zuwa Litinin in zai yiwu.

Auwalu: Ya ce ya riga ya kira leburori da tankar ruwa.

Yaya Habibu: Nawa ma haka ya riƙa cewa.

Anti Binta: Ni zan biya bayan La'asar in ga kicin ɗin da idona. Nura, turo mini hoton rodi mai 12 da mai 10 in san bambancinsu.

Auta: Anti ki zo da ni in riƙe miki tef.