La Scala ta Milan: Baffa Ya Jefa, 'Yan Zaure Sun Cafe

Baffan Zaure:
Salamu alaikum. Yau gidan opera za mu, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa zalla. Mai amsa ya amsa da baiti.

Ku ɗaura ɗamara, 'ya'yana, mu je Milan,
La Scala za mu gano a ƙasar Italiya.
A 1776 gobara ta tashi da dare,
Ta lashe tsohon gidan wasa gaba ɗaya.
Milan a lokacin tana hannun baƙi,
Maria Theresa ke mulki daga Ostiriya.
Ta ba da izini, Piermarini ya zana,
Aka rushe tsohon cocin Santa Mariya.
Shekara biyu, ran 3 ga Agustan 1778,
Kiɗan Salieri ya fara ratsa zuciya.

Auta:
Baffa, ranka ya daɗe, ka yi mini bayani,
Na kalli fuskarsa, babu abin a zo a gani.
Baka uku a ƙofa, sai tagogi, shi ke nan gini?
Cocin Duomo na kusa, shi ke tsayar da wani.

Goggon Ɗalibai:
Auta, ka tsaya a titi kana yanke hukunci,
Biya kuɗin ƙofa, ɗana, ka shiga ciki.
Da aka gina shi, matsattsen titi ne gabansa,
Ina filin ja da baya a yi kallon mamaki?
Sai a 1858 aka rushe gidaje aka yi dandali,
Fuskar ta fito fili da kayan zaman ɗaki.
Bakan nan uku rumfar keken doki ce,
Mai hali ya sauka ba ɗigon ruwa a jiki.
Shiga ka ɗaga kai, ja ne da ruwan zinare,
Hawa shida a lanƙwashe, siffar kofaton doki.
Huɗun ƙasa ƙananan ɗakunan kallo ne,
A da, kowane babban gida na Milan da nasa ɗaki.
Su suka zuba kuɗin gini, ɗakin ya zama gado,
Su sa labule, su yi ado, su karɓi baƙi.
A lokacin ana caca a falo, ana hira tsakiyar waƙa,
Kallon juna ya fi kallon masu aiki.

Malam Na-Bene:
Goggo, kin ƙirga huɗu kin bar biyun sama,
Loggione, wurin talaka, nan nake son zama.
Tikitinsu da araha, kunnensu sai an yi fama,
Murya ta ɗan kauce, ihu ne, ba a duban girma.
A 2006 sun yi wa mawaƙi Roberto Alagna, ya fice kafin ya gama,
Puccini mai tsara kiɗa, a 1904 masu kallo sun yi masa ihu, ya rasa abin kama.
Masu ɗaki sun biya bulo, na yarda, sun yi dama,
Amma sunan gidan, masu tsaye suka ɗaga shi sama.

Yaya Mai Gardama:
Duk kun bi Milan, to ni Napoli ce gari,
Gidan operarmu San Carlo tun 1737 yake, shi ne na fari.
Shekara 41 ya ba La Scala, ku gyara labari,
Wuta ta ci shi a 1816, aka tashe shi da wuri.
Ƙane ya yi suna, wa ya rasa mai kirari?

Baffan Zaure:
Girman shekaru naku ne, ban musa ba,
Sarki ya gina muku, Milan ta yi da dukiya.
Amma tsaya ka ji watan Agustan 1943,
Jiragen yaƙi suka yi ruwan bam kan birni gaba ɗaya.
Rufin La Scala ya rufta kan kujeru,
Gari na cikin yunwa, gidaje sun zama tarkace a hanya.
Duk da haka suka ɗaga rufin da gaggawa,
Toscanini, madugun makaɗa, ya dawo daga Amurka bayan doguwar tafiya.
Ran 11 ga Mayun 1946 ya ɗaga sanda,
Na ciki na kuka, na dandali na saurare da zuciya.
Har yau 7 ga Disamba ake buɗe kakar wasa,
Ranar waliyyin Milan, Ambrogio, a fito da kwalliya.

Goggon Ɗalibai:
Yaya, ai ka ji. Saura abu guda da ke ci mini rai:

Daga 2002 zuwa 2004 aka rufe don gyara,
Mai zanen gini Mario Botta ya ɗora hasumiya bayan ɗaki.
Injinan dandamali sun samu wuri, na sani,
Amma ta leƙo kan Piermarini, ba ta da kirki.

Auta:
Goggo, a yi mini afuwa, ga nawa tunani,
Ƙundumemiyar da ke gefenta mai siffar ƙwai, ta zamani,
Duk cikin ginin ita kaɗai ta tsayar da ni.
Malam Na-Bene, hau sama ka tara mutanenka,
In ihu za a yi, a fara da Goggo kafin ni.