Masarar TELA: mu saya ko mu ƙyale?

Mai Koko, Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan sayi masara buhu biyu don gasara, sai ga saƙon murya yana yawo wai wadda anka sauya ma ƙwayar halitta tana sa ciwon daji. Mi ag gaskiya? Kokon nan har ɗiyana suna sha.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam Hajiya. TELA ake nufi, ta cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya. A Janairun 2024 aka sake ta ga manoma, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. An sa mata ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, sai shukar ta riƙa yin wani furotin mai fasa hanjin tsutsa, har da waccan da ta addabi gonakinmu tun 2016. A hanjin ƙwaron yake samun wurin kamawa. Namu hanjin ba shi da wannan wurin, narkewa yake yi kamar sauran abinci.

Ɗan Kara: Malam, to hoton ɓerayen nan masu ƙari, da anka ce masarar da anka sauya ma ƙwayar halitta suka ci, fa? Da idona na gani.

Anti Nas: Alhaji, wancan binciken wani Bafaranshe ne, Séralini, na 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013, don ɓerayen sun yi kaɗan, kuma jinsinsu dama ƙari yake yi in ya tsufa ko me ya ci. A Amurka tun 1996 ake noman masarar Bt, kuma majalisar masana kimiyyarsu ta bi sawun lamarin a 2016, ba ta ga ta fi sauran masara haɗari ba.

Ni abin da ke ba ni tsoro hunhuna ce. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin dafin aflatoksin, shi kam an tabbatar yana kawo dajin hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A Kenya ya kashe mutum 125 a 2004.

Ɗan Kara: Na ji. Amma ni ƙorafina ɗaya: ba a rubuta komi bisa buhu. In ta shigo kasuwa ta gauraye, ni mai aunawa ma ban iya bambancewa, balle mai saye. Tunda NBMA, hukumar gwamnati mai sa ido kan irin da anka sauya ma ƙwayar halitta, ta amince da ita, a sa mata shaida mana, kowa ya zaɓa.

Malamin Gona: Nan kam ina bayanka, Alhaji.

Mai Koko: To ni yanzu yaya zan yi?

Anti Nas: Hajiya, ki sa hannu har tsakiyar buhun, kada ki tsaya ga na sama. Ki shinshina. In kin ji warin damshi ko na fiya-fiya, ki bar musu kayansu. Ki ciji tsaba ɗaya, busasshiya ƙaras take yi. A gida a tsince masu baƙi-baƙi da fasassu, a surfa, a wanke.

Malamin Gona: Ajiya kuma buhun PICS, mai leda biyu a ciki. Ba iska, ƙwari su mutu, ba ruwanki da magani. Ki ɗora shi bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Baba Mai Goro: Ku dai kun so wahala. Ga gero cike da Achida.

Mai Koko: Baba, gero ya hau, ba ya fid da ni! Alhaji, gobe da hantsi kana rumfa?

Ɗan Kara: Ina nan in sha Allahu. Ki zo da igiyar ɗauri.