Peugeot 504 ta fara zafi bayan canjin kamshaf: in sayi lagireto ko a sake buɗe inji?

Abban Khalifa, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in sake zuba kuɗi. 504 ce salun, haɗin Kaduna, ƙirar 1984, wadda mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Inji mai lita biyu, mai kafireto. Ta daɗe tana ƙwas-ƙwas a saman inji, bakanike ya buɗe ya ce kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya cinye, aka samo wani aka sa tare da sabon tamin cen da sabon gasket. Ƙarar ta tafi, zafi ya zo. In tana tsaye tana silo, allura ba ta wuce tsakiya. Amma da na hau hanyar Funtua na taka ta, kafin in kai Giwa allura ta kusa ja. Ƙarfinta ya ragu, ga shan mai. Da daddare na ɗaga bonet, sai na ga bakin salansa, daidai inda ya manne da inji, ya yi jawur kamar garwashi. Babu ruwa a baƙin mai. Kafin wannan aikin ba ta taɓa zafi ba, ko a watan Afrilu. Bakaniken ya ce lagireto ne ya tsufa, in sayi mai layi uku. Hankalina bai kwanta ba. In saya, ko in sa a sake buɗe gaban inji a duba saitin cen? Ƙarshen wata zan kai Hajiyarmu Katsina, ita kuma ba ta yarda da kowace mota ba sai wannan.

Sani Mai Golf:
Wa alaikumus salam. Cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, ka jefar, ka sa a ɗaure fanka dairek. Shi ke nan. Tamostat na ƙasar sanyi ne.

Oga Ɗanliti Bakanike:
A wanke lagireto da omo tukuna, a duba fambel da famfon ruwa. Yawancin zafin Fijo daga nan ne.

Abban Khalifa, Zariya:
Na gode. Tamostat tun Baba na da rai aka cire shi, fanka ma dairek take. An wanke lagireton ranar da aka haɗa injin. Tambayata a kan saitin ne.

Ɗan Fulani Mai Raha:
Malam, motar ta girme ka fa. Tsohuwa in ta yi zazzaɓi ba a tambayar dalili, fura ake dama mata.

Alhaji Na Wagon:
Ɗana, ka ji tsoron Allah ka ɗauke motar nan daga garejin nan tun kana da sauran inji. Ni abin da ya raba ni da sana'ata ke nan. Wagon gare ni, ina lodin Kano zuwa Maiduguri, da ita na aurar da 'ya'yana mata. Irin aikin nan naka aka yi mata. Maigidan garejin ya cire tof silinda ya tafi ɗaurin aure, ya bar wa yara. Ka san injin Fijo silif ɗinsa, bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa yake zaune, tof ne ke danne shi. In tof ba ya kai, ba a juya inji sai an danne silif ɗin da ƙarfe da noti. Yaran nan suka sa sifana suka yi ta juya karanshaf suna neman maki, silif ya ɗaga, abin da ke tare ruwa a gindinsa ya saki. Suka rufe, ba wanda ya ce mini komai. Na yi lodi cike, har da mai jego a baya. Mun wuce Azare allura ta fara hawa, kafin Potiskum inji ya buga. Da na zare sandar gwajin mai, abin da ya fito fari ne, mai da ruwa sun gauraye. Fasinja suka karɓi kuɗinsu, na kwana a bakin titi ina gadin mota. Da na koma wurin mutumin, ko kunya babu ya ce ni na bar ta ba ruwa. Muka je gaban shugabannin ƙungiyarsu, aka ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na sayar da filina na sa wani inji, shi ma bai yi shekara ba. Yau ɗan kamasho nake a tasha, ina kira wa wasu fasinja. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Mu ma ta maigidana haka ta ƙare a gareji, kullum a ce gobe, har aka fara zare mata kaya.

Sani Mai Golf:
Alhaji, wane gareji ne? Faɗi sunansa mutane su tsira.

Alhaji Na Wagon:
Ya rasu. Ba zan kama sunan mamaci ba.

Abban Khalifa, Zariya:
Allah ya saka maka, Baba Alhaji, abin ya taɓa ni. Sai dai tawa man nata baƙi ne wuluk, ba alamar ruwa.

Alhaji Na Wagon:
Tawa ma haka take ranar farko.

Musa Kofar Ruwa:
Lagireto mai layi uku na 504, na hannu mai kyau, dubu 85 ne a wurinmu. In kana so a sa maka a mota zuwa Zariya.

Ɗan Panteka:
Dubu 85 kuma? Wancan watan na saya wa ƙanena a Panteka dubu 40.

Musa Kofar Ruwa:
Wanda aka toshe rabin layukansa da dalma ka saya. Na jan ƙarfe na asali ba ya zuwa a wannan kuɗin, ko a kilo aka auna shi.

Elhaji Maraɗi:
Nan wajenmu jika 35 na sefa ake sake ma shi ciki sabo, a bar tankunan naka na asali. Har yanzu 504 na aiki a ƙauyukanmu, masu gyaran ba su ƙare ba.

Baba Tsohon Kakuri:
Kun cika yaron nan da ciniki, ba wanda ya karanta abin da ya rubuta. Na yi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri, inda aka fara haɗa motoci a 1975, kuma a kan injin nan na tsufa. Lagireton da ya riƙe mota a zafin Afrilu ba zai tsufa a mako guda ba. Abin da aka taɓa shi za a tuhuma. A injin 504 kamshaf ne ke juya distiributa, mai raba wuta ga fulogi, ta wani haƙori da ke jikinsa. Duk wanda ya zare kamshaf dole ya zare sandar da ke juya distiributa, in kuma ya mayar da ita da kuskuren haƙori ɗaya, wuta na iya riƙa zuwa a makare. Fistin ya riga ya fara sauka kafin mai ya kama sosai, sauran ya ƙarasa ci a bakin salansa. Ga jan da ka gani, ga rashin ƙarfi, ga shan mai, ga zafi in an taka. Duk alamominka huɗu sun taru a wuri guda.

Kada ka buɗe gaban inji tukuna. A sa fitilar tamin a duba lokacin da wuta ke zuwa, ba da kunne ba. Ka kula, Peugeot daga wajen giyabos take ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba. Sannan ka cire murfin distiributa ka murɗa rota da yatsa: ya ɗan juya, in ka saki ya koma da kansa. In ya ƙage, wuta ba za ta ƙaru ba sa'ad da inji ya ɗau gudu. Akwai kuma siririn tiyo daga kafireto zuwa distiributa. Cire shi ta wajen kafireto ka tsotsa da baki, ka ga ko farantin da kwantak ke kai zai motsa. A gwada tazarar bawul inji na sanyi, na shiga milimita 0.10, na fita milimita 0.25. In duk wannan daidai ne, a auna kwamfureshan. In silinda huɗun duka sun yi ƙasa tare, to cen ɗin ne aka sa ba a kan maki ba, sai a buɗe. Tambaya ɗaya: da aka sa kamshaf, an sa sababbin tafet, ƙarafan da kamshaf ke turawa, ko tsofaffin aka mayar?

Abban Khalifa, Zariya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Tsofaffin aka mayar.

Baba Tsohon Kakuri:
To wannan wata matsalar ce ke jiranka. Tafet da ya ci tare da tsohon kamshaf zai cinye sabon.

Injiniya Faruk:
Ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Ƙari ɗaya: a mayar da tamostat. Injin da ba shi da shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai, yana saurin cinyewa. Wanda ya ƙera motar ya san da Afirka.

Oga Ɗanliti Bakanike:
Injiniya, da girmanka, ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota? Mu da muke cire tamostat mun ga wanda ya ƙage a rufe ya ƙone inji a tsakiyar daji. Ku a takarda kuka sani. Shi kuma Baba, a kamfani sabon inji kuke haɗawa da sababbin kaya. Mu gawa ake kawo mana mu tayar. Fitilar tamin nawa ce a duk garejojin Zariya? Da kunne muka koya, da kunne muke ci.

Baba Tsohon Kakuri:
Ɗanliti, kunnen ne ya kai motar yaron nan inda take.

Ɗan Fulani Mai Raha:
A tafi da Hajiya da buta biyu, ɗaya ta alwala ɗaya ta mota.

Oga Ɗanliti Bakanike:
Kullum laifin bakanike. Ba wanda ke maganar kayan da ake sayar mana. Gasket ɗin yanzu kwali ne aka shafa wa fenti, ka ɗaure shi yau, jibi ya ƙone. Cen sabo fil a leda, wata uku ya saki. Mai mota ya zo ya kama wuyanka, mai shago yana can yana ƙirga kuɗi.

Musa Kofar Ruwa:
Oga, kai ma ka san yadda ake yi. Mai mota ya ba ku kuɗin orijina, ku zo ku ce a ba ku mai sauƙi, a rubuta rasit na mai tsada. In na fara kiran suna a nan za a watse.

Alhaji Na Wagon:
Duk ku biyun ɗaya kuke. Injin da na saya da kuɗin filina, an rantse mini ɗan Baljiyam ne, ashe a nan aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti.

Abban Khalifa, Zariya:
Baba, na gwada da safen nan. Rota yana komawa. Tiyon kuwa da na tsotsa iska kawai nake ja, farantin bai motsa ba. Na gaya wa bakaniken, ya ce wannan tiyon ba ya aikin komai, rabin Fijon garin nan a toshe yake. Har yanzu yana kan maganar lagireto. Mai fitilar da aka kwatanta mini a Sabon Gari ya yi tafiya sai Litinin.

Injiniya Faruk:
Robar da ke jan farantin ta fashe, kuma kafireto na shan iska ta nan. A gyara, amma ban tsammanin ita kaɗai za ta sa salansa ya yi ja. Jira fitilar.

Musa Kofar Ruwa:
Na dai ajiye maka lagireton zuwa Laraba. Oga Ɗanliti kuma ina jiran amsarka a kan maganar rasit.

Oga Ɗanliti Bakanike:
Kira sunan mana. Ni ma ina da kwalayen gasket ɗin da na saya a layinku, ban zubar ba, kuma gobe zan ɗauki hotonsu kowa ya gani.