A kashe SELinux saboda rasdaemon ko a bar shi?

Ɗan Kubwa: Salamu alaikum jama'a. Ni fa SELinux ɗin nan, tsarin tsaron Linux mai iyakance abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, ya ishe ni wallahi. Saba ce mai Rocky Linux 9 a ofis ɗinmu nan Garki, tunda aka dawo da fayil ɗin bayanan rasdaemon, ras-mc_event.db, daga bakof, manhajar ta rasdaemon ta ƙi rubuta komai, ina buga setenforce 0, umarnin da ke sa SELinux ya daina hanawa, rasdaemon ya kama aiki. Abin da aikinsa kawai rubuta kuskuren kayan injin kamar RAM da CPU ne, ba ya sauraron kowa ta intanet, to me ake tsarewa? Ni dai a kashe kawai

Injiniyan Wuse: Wa alaikumus salam. Ƙanina ai setenforce 0 ba rasdaemon kaɗai ka sakar wa mara ba, duk injin ne, har httpd mai hidimar shafukan yanar gizo da duk abin da ke fuskantar waje. Kuma ka manta rasdaemon da root, wato cikakken ikon injin, yake gudu, yana karanta tracing na kernel, wannan rasdaemon_t ɗin, wato shingen da SELinux ya sa shi ciki, shi ne ke hana shi taɓa abin da ba nasa ba ko da an samu ɓaraka a cikinsa.

Baban Amira: Oga Injiniya a yi adalci dai. Da zafin Abuja da ɗauke wutar nan da janareto, ni abin da ya fi ban tsoro shi ne memori mai ECC ta riƙa gyara kuskure a ɓoye kullum adadin na hawa ba wanda ya sani, sai ranar da wanda ba ya gyaruwa ya zo injin ya faɗi. Kuma setenforce 0 ba ya zama, da an yi ristat ya koma enforcing, wato SELinux ya ci gaba da hanawa, log ɗin ya sake tsayawa shiru kana buga ras-mc-ctl --summary kana ganin ba sabon abu kana murna. Gara ya kashe a config ya huta.

Hajiya Linux: Baban Amira a'a fa. A Rocky 9 ko ka sa SELINUX=disabled a config bai mutu gaba ɗaya ba, sai ka ƙara selinux=0 wa kernel, sannan duk fayil ɗin da aka ƙirƙira a lokacin ba shi da lakabi, wato alamar da SELinux ke dubawa a kan kowane fayil kafin ya ba da izini, ranar da masu odit suka ce a kunna sai an bi diski gaba ɗaya ana sake laƙabawa. Ɗan Kubwa buga ausearch -m avc -ts recent da ls -Z /var/lib/rasdaemon ka faɗa mana me ka gani

Ɗan Kubwa: Hajiya lakabin admin_home_t ne a kan fayil ɗin

Hajiya Linux: To ka gani. A /root aka sauke shi aka yi mv, shi mv da tsohon lakabi yake tafiya, da cp aka yi da ya ɗauki na sabon wuri. Abin da ya kamata ya zama shi ne rasdaemon_var_lib_t. Buga restorecon -Rv /var/lib/rasdaemon ya gyara lakabin, ka sake tada sabis ɗin, ka mayar da setenforce 1.

Baban Amira: Ko ya yi audit2allow -M ya loda modul ɗin izinin da zai haɗa masa, minti ɗaya an gama

Injiniyan Wuse: Nan ne ma ban yarda ba sam Malam. audit2allow ba ya tunani, abin da ya gani an hana shi yake halattawa, ke nan za ka ba rasdaemon izinin rubutu a kan fayilolin gidan root saboda fayil ɗaya da aka ajiye ba daidai ba. In har dole sai an sassauta don a gano matsala, semanage permissive -a rasdaemon_t, shi kaɗai zai samu sauƙi, ana ci gaba da rubuta abin da ya so yi, sauran injin na kulle.

Baban Amira: Duk wannan wahala a kan abin da NSA ta Amurka ta fitar tun 2000, ni a Ubuntu nake da AppArmor, nasu tsarin tsaron, ban taɓa wannan ciwon kan ba

Hajiya Linux: AppArmor hanyar fayil yake bi ba lakabi ba, shi ya sa mv bai dame ka ba. Amma ka duba aa-status tukun, ka tabbata akwai profile na rasdaemon a wajenka kuwa? Wataƙila ba komai a kansa shi ya sa kake jin daɗi.

Ɗan Kubwa: restorecon ɗin ya yi, getenforce na nuna Enforcing kuma yana rubutawa. Amma har yanzu ni ban ga dalilin da zai hana abu aiki bai faɗa wa mutum a fili ba sai ka je tono a audit.log

Injiniyan Wuse: Sa setroubleshoot-server, sealert zai riƙa yi maka bayani. Sauran gardamar sai mun haɗu Banex ranar Asabar