Ƙanena da iyalinsa suna ƙasar da ake zaman ɗar-ɗar: su taho yanzu ko su jira jirgin gwamnati?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Ƙanena yana aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa a wata ƙasa da ba zan ambaci sunanta ba, domin kada maganar ta jawo masa matsala a wurin aiki. Yana tare da matarsa da 'ya'ya uku, kuma autarsu can aka haife ta, ko fasfo ba a yi mata ba tukuna. Mako biyu ke nan ana zanga-zanga a babban birnin, an sa dokar hana fita da dare, abokan aikinsa Turawa kuma sun fara mayar da iyalansu gida. Saura wata biyar kwantiraginsa ya ƙare, idan ya taho yanzu zai rasa kuɗin sallama na shekara shida, shi ya sa yake cewa idan abin ya ɓaci gwamnati za ta aika jirgi kamar yadda aka yi a Sudan. Inna kuwa ta daina barci, kullum bayan sallar asuba sai ta aiko a kira ni. Me ya kamata in ce masa?

Tsohon ɗalibin Khartoum, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Malam, ina cikin waɗanda aka kwaso daga Sudan a 2023, saboda haka bari in gaya maka yadda jiran jirgin nan yake. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti ranar Asabar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi, kuma filin jirgin saman Khartoum yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, don haka tun ranar farko aka rufe shi. A ɗaki muka yi sallar idi, muna jin ƙarar manyan bindigogi. Gwamnatin Najeriya ta ɗauki hayar motocin bas 40 a kan dala miliyan 1.2, suka fara tashi daga Jami'ar Afirka da ke Khartoum ranar 26 ga Afrilu, aka ratsa hamada kusan kilomita 1,000 zuwa iyakar Masar, can kuma aka yi kwanaki a fili cikin zafi kafin a daidaita da hukumomin Masar su bari a wuce Aswan. Rukunin farko, mutum 376, sai ranar 3 ga Mayu ya sauka Abuja a jirgin Air Peace da na sojan sama, wato kwana 18 bayan fara harbi. Mu da muka biyo baya ta Port Sudan aka ɗauko mu.

Ba na raina ƙoƙarin da aka yi, domin sama da mutum 2,500 aka dawo da su gida lafiya. Amma mu samari ne, kowa da jakarsa ɗaya a kafaɗa. Waɗanda na fi tausayawa su ne magidanta masu ƙananan yara, musamman wata mai goyo da ke motarmu, wadda madarar jaririnta ta ƙare tun ba a yi rabin hanya ba. Ka ce wa ƙanenka ya riƙe tsabar kuɗi a hannu, kuɗin ƙasar da kuma dala ko kaɗan ne, domin ranar da wuta da layin waya suka ɗauke, abin da ke asusun banki ba ya sayen ko jarkar ruwa.

Hajiya, Arkilla:

Ɗana, ni abin da ya tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne yarinyar nan da ba ta da fasfo. A irin wannan kwasa babu mai tambayar ɗan wane ne kai a Sakkwato, takarda ake dubawa. Mu nan mun san cewa akwai danginmu a Sudan tun zamanin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har garin Maiwurno da ke kusa da Sennar ya ci sunansa. Hausa ce a bakinsu, amma takardunsu na Sudan ne, saboda haka motocin da aka aika ba dominsu aka aika ba. Ɗan yayata ya auri ɗaya daga cikinsu, kuma sai da ya zaɓa tsakanin ya hau mota shi kaɗai ko ya zauna da ita. Ya zauna, Allah ya kuɓutar da su daga baya ta wata hanya.

Gobe ma ba jibi ba, ƙanenka ya kai takardar haihuwar yarinyar ofishin jakadancinmu, ya rubuta sunansa da na iyalinsa da lambar wayarsa, idan fasfon zai ɗauki lokaci ya nemi takardar tafiya ta gaggawa. Kuma kada ya bar fasfonsa a hannun kowa, ko da wurin aikinsa ne. A Khartoum, da Amurkawa za su kwashe ma'aikatan ofishin jakadancinsu, sai da suka lalata fasfunan mutanen da suka kai neman biza, masu su kuma suka wayi gari ba su da abin nunawa a kan iyaka.

Baba Mai Ritaya, Gawon Nama:

Na yarda da Hajiya, amma ina ganin kada ku matsa wa yaron nan ya ajiye aikinsa saboda tsoron da muke ji daga nesa. Ba kowace tarzoma ce ke zama yaƙi ba. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, Faransa ta kwashe mutanenta daga Yamai cikin 'yan kwanaki, kowa ya ɗauka yaƙi ya zo, sai ga shi ba a yi ba, kuma 'yan'uwanmu da ke aiki a Ƙwanni da Tawa suna nan inda suke. Abin da ya faru shi ne an rufe iyakar Illela har zuwa Maris na 2024, wanda ke son dawowa ya sha wuya. Gumin shekara shida ba abin zubarwa ba ne ga mai 'ya'ya uku da tsohuwa a gida. A raba maganar gida biyu: matar da yaran su taho yanzu da jiragen haya ke tashi kuma tikiti bai ninka ba, shi kuma ya zauna da jakarsa a ɗaure, ya nemi shugabanninsa su rubuta masa abin da zai samu idan tilas ta sa ya tafi kafin wa'adi.

Ɗan Mabera:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka ta waya a daren jiya. Ya amince zai je ofishin jakadanci ranar Litinin, sai dai a nan ne na ji cewa fasfonsa da na matarsa suna ofishin asibitin tun lokacin sabunta takardar zama. Matar kuma ta ce ba za ta taho ta bar shi ba, don haka na roƙi Inna ta yi mata magana da kanta bayan sallar Juma'a.