Zanen bayan mota a Legas: wa ya taɓa ganin zakin nan mai fuskar kyanwa?

Na Agege

Assalamu alaikum jama'a. Kullum daga Agege nake fita zuwa shagon gyaran waya a Ikeja, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata gaggawa. Da tsaki nake yi idan gosulo ya riƙe mu, yanzu kuwa na koma karatun bayan motoci. Wayata cike take da hotuna: mikiya ta cafko maciji, ɗawisu ya baza wutsiya, koriyar ƙubbar masallacin Madina, jirgin sama yana keta wasu duwatsu masu farin kai da babu irinsu ko'ina a ƙasar nan.

Amma akwai guda ɗaya da ta tsaya min a rai. Wata tsohuwar DAF ce mai bodin katako. Sau biyu na gan ta, ɗaya a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, ɗaya wajen Berger. An zana zaki a ƙofar baya, sai dai wallahi fuskarsa ta kyanwa ce sak, har da gashin baki uku-uku, tana kallonka kamar wadda aka kama da kai a cikin ƙwaryar nono. A ƙasa an rubuta "Hassada ga mai rabo taki". Duka biyun kafin in zaro waya ta wuce. Wa ya san ta? Kuma kowa ya kawo abin da idonsa ya gani.

Dillalin Albasa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ai motar nan tamu ce a kasuwar Mile 12, Mage muke ce mata. Ko direban ma haka yake kiranta.

Ku da kuke kallo daga tagar danfo, ƙaramar bas ɗin hayar nan ta Legas, ado kuke gani, mu a wajenmu suna ne. Mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato da albasa, ko daga Kura da Danja da tumatir, ta shigo ƙarfe biyun dare, ga motoci jere bumfa da bumfa, ga taɓo ya rufe lamba. Wa zai tsaya haska lamba? Wanda ya yi maka lodi zai bugo ne ya ce, "Na sa maka buhu arba'in a Mai Ɗawisu," shi ke nan. Ka ba yaro tocila ka ce je ka nemo min ɗawisu.

Bara sai da abin ya ja min rigima. Masu ɗawisu biyu suka shigo dare guda, yarona ya sa 'yan dako suka fara sauke kayan wani bawan Allah a rumfata. Buhu goma sha ɗaya suka sauke kafin mai kaya ya iso yana salati. Ni na biya kuɗin sauke da na mayarwa. Tun daga ranar muke bambanta su, akwai Ɗawisu Mai Kallon Hagu, akwai Ɗawisun Sakkwato.

Maman Biyu

Ni ban san manyan motoci ba, danfo na sani, tsakanin Idi-Araba da Yaba. Ita danfo ba ta da filin zane sosai, tunda dole ta zauna a ruwan ɗorawarta da baƙin layi biyu. Sai duk fasahar ta tattara a gilashin baya da bumfa da gaban direba. Rabin Yarbancin da na iya a nan na tsince shi. Na daɗe ina ganin "Iya ni wura" kafin wata maƙwabciyata ta ce min ma'anarsa uwa zinariya ce. Tun daga nan in na ga mai wannan rubutun sai in ji na fi sakin jiki da direban, ko da yake tuƙin nasu duk ɗaya ne, Allah dai ya tsare.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda za ka karanta tarihin mota a gilashinta. Akwai wadda na zauna a kujerar ƙarshe, ina kallon sitika hawa uku. Ta ƙasa ta taron wani coci ce, ta koɗe har fuskar faston ta zama fari fat. An manna Ayatul Kursiyyu a samanta, gefe guda ya ɗan ɗago. Sannan ga tambarin Arsenal sabo fil ya hau kan duka biyun ta kusurwa. Hannu uku ke nan motar ta bi, kuma babu wanda ya ɓata lokacin kankare na wanda ya gabace shi.

Ƙaramin ɗana kuwa ya rantse ba ya shiga mai tambarin Chelsea. Ranar nan sai da muka bar mota biyu suka wuce, ga hadari ya haɗo.

Mai Burushi

Hajiya ki gaishe min da yaron nan, ya san abin da yake yi.

Sana'ata ce kuke magana a kai, shekara ashirin da wani abu ina yi, yanzu ina wajen Owode Onirin. Bari in fara da zakin, don na ga ana yi wa abokin sana'ata dariya. Mu nawa ne muka taɓa tsayawa gaban zaki? Ni dai a wajen maigidana na koya, shi ma a bayan wata mota ya gani ya kwaikwaya. Kowane hannu ya ɗauka sai ya rage wani abu ya ƙara wani. In ka zo kan fuska, hannunka abin da ido ya saba gani zai bi, kuma kyanwa ce ke yawo a gareji. Sirrin zaki a geza yake da faɗin hanci. Ka ƙuntata hanci, ka zagaye ido, to ka haifi mage ko da gezar ta kai ƙasa.

Yadda ake yi kuwa, sai kafinta ya gama bodi, a goge katako da samfefa, a shafa fentin farko ya sha. Sannan in fitar da siffa da alli, mai mota yana tsaye yana cewa ƙara wa fiffiken nan tsawo. Sararin sama ake fara zubawa, sai ƙasa da itatuwa, sai dabbar, baƙin layin da ke zagaye komai shi ne na ƙarshe, shi ke ta da zane. Rubutu kuma da siririn burushi, numfashi a riƙe, don fentin mai ba ya yafiya. Ka kuskure harafi ɗaya sai ka jira ya bushe ka rufe ka sake.

Legas ba ta son aikinmu. Da damina fenti sai ya kwana biyu yana danƙo, ga direba yana tsaye a kanka lodi na jiransa. Motar da ke yawan zama Apapa iskar gishiri ke cinye mata ƙusoshi, tsatsa ta zubo ta kan zanen kamar hawaye. Ta koma Arewa kuma hunturu ya tsattsage katakon. Ja ne ke fara mutuwa, shi ya sa za ku ga tsohuwar mota furanninta sun koma kalar hoda alhali shuɗin yana nan daram.

Abin da ke kashe mu yanzu sitika ce. Yaro zai je wajen masu kwamfuta, a buga masa hoton ɗan ƙwallo ko na shehinsa, kafin ya gama cin tuwo an manna. Ban ce ba ta da kyau ba, fuska tana fita fiye da tawa. Amma mota ɗari za ka gani da hoto iri ɗaya. Alhaji Dillali, ka gwada tura yaronka da tocila ya nemo maka "mai Messi" ka ga abin da zai kwaso.

Ɗalibin Ilimi

Allah ya ƙara basira Malam. Sai dai a tuna malamai da yawa sun yi magana a kan zana abu mai rai. Ga furanni, ga masallatai, ga rubutu mai kyau, ai sun wadatar.

Mai Burushi

Gaskiya ne Malam, kuma ina samun masu wannan ra'ayin, ba na musu da kowa. Akwai wanda ya sayi mota da mikiya a bayanta, ya kawo min ya ce in shafe. Da ya ji kuɗin sabon zane sai ya ce to a cire kan kawai. Na rufe kan da fure. Tana nan tana yawo, mikiya da fukafukai da farata, wuyanta ya ƙare da fulawa ja.

Na Agege

La ilaha illallahu, wallahi ina da hotonta! A Ojota na ɗauka. Wata uku ina tunanin wace irin tsuntsuwa ce wannan.

Baba na Idi-Araba

Yaran nan kun sa ni dariya. Jikana ne ke rubuta min. Lokacin da na zo Ikko babbar bas ɗin haya da ake kira molue ce sarauniyar titi, Marsandi 911, kuma kowace da sunanta a goshi da manyan haruffa, tun daga nesa ka san wadda ke tafe. Akwai wadda nake shiga daga Oshodi, a bayanta an zana 'yar ruwa, rabi mace rabi kifi, maciji ya naɗe mata wuya. Mutanenmu wasu ba sa shigarta, sun ce motar aljanu ce. Ni kuwa ita nake jira, don an fi samun wurin zama.

Da aka kawo BRT, doguwar bas mai layinta daban a titi, a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, mun ji daɗin zama, ba ƙarya. Amma jikinta tallan kamfani ne kawai, ba ka sanin ko direban yana da uwa ko yana da maƙiya. A 2013 aka hana molue hawa gadojin shiga cikin tsibiri, daga nan suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ko keken nan da kuke cewa Marwa, sunan Buba Marwa ne da ya yi mulkin jihar daga 1996 zuwa 1999, na ga zuwansa. Su ma da farko ana yi musu rubutun hannu a tamfol.

Direban Tanka

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu masu motar kamfani an hana mu ko ɗigon fenti a jikin tanki, daga gargaɗin wuta sai lambar waya. Saboda haka robar da ke bayan taya ita ce gonarmu. Tawa ta hagu an rubuta "Sannu", ta dama "Ba ta hana zuwa".

Kafin a kawo tsarin Eto na kiran manyan motoci a 2021, na taɓa yin kwana shida a layi kan hanyar Apapa bayan mota guda. An zana mata wani gida mai jan rufi a bakin kogi, da kwalekwale, da bishiyar dabino biyu. Na ci abinci ina kallon gidan nan, na yi salla na dawo ina kallonsa, har na ƙirga tagoginsa, bakwai ne, ɗaya ba a gama ta ba. Rana ta huɗu na je na gaisa da direban, mutumin Gusau, na tambaye shi gidan wa ne. Ya ce nasa ne, bai dai gina ba tukuna.

Mai J5

Nawa ba na dariya ba ne. Na sa an rubuta sunan mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, a ƙofar baya da fure kewaye. Wasu masu kaki suka tare ni, wai talla nake yi, ina takardar izinin talla? Na ce sunan uwata ne, me take sayarwa? Awa biyu ina tsaye da attaruhu a cikin rana. Yadda muka rabu ba sai na faɗa ba. Rubutun dai yana nan, ban goge ba.

Ɗan Obalende

Allah ya ji ƙan Mama. Ni abin da ke ba ni mamaki, tun da aka zane ginshiƙan gadar Falomo a 2017, lokacin bikin cikar jihar Legas shekara 50, nake ganin masu manyan kyamarori suna zuwa ɗaukar hoto. Ga mai ruwa zai wuce ta gabansu da kurarsa, an zana mata kifi da tauraro an rubuta "Rabo", ba mai waiwayarsa. A ganina kifin nan bai fi ginshiƙin muni ba.

Dillalin Albasa

Na Agege, albishirinka. Mage ta shigo daren jiya. Na zauna da direban wajen mai shayi na karanta masa abin da Mai Burushi ya rubuta, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce ƙanen mai motar ne ya zana, aikinsa na farko ke nan bayan an yaye shi. Mai motar ya ji kunya, ya yi niyyar a sake. Kafin ya tara kuɗin fenti sunan ya riga ya bi ta tun daga Aliero har nan, masu kaya suna cewa a sa musu a Mage. Sai ya fasa. Da fentin ya koɗe ma yaron ya sake kira, ya ce ya maimaita ta yadda take, kada ya kuskura ya gyara hancin.

Tana nan har jibi, suna jiran lodin komawa. Ka zo bayan asuba kafin 'yan dako su rufe bayanta.

Na Agege

Goro! Gobe in sha Allahu da ni za a yi sallar asuba a Mile 12. Ta wace ƙofa zan shigo, Alhaji?

Dillalin Albasa

Ka sauka a ƙarƙashin gada ka tambayi layin 'yan albasa, kowa zai nuna maka. Kuma kada ka sako takalmin zuwa shago, an yi ruwa shekaranjiya, taɓon ya kai idon sawu.